Sanda, inuwa da gorar ruwa: fashin baƙi kan horar da malamai kimiyyar sararin samaniya

A ranar 27 ga Satumba 2003 aka harba tauraron ɗan'adam na farko mallakar Najeriya, NigeriaSat-1, daga sansanin Plesetsk da ke arewacin Rasha. Wani kamfani ne na Surrey a Ingila ya ƙera shi, injiniyoyinmu na gefe suna koyon aiki. A watan Agustan 2011 aka harba wasu biyu, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, kuma shi NigeriaSat-X 'yan Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a can Surrey. A 2017 kuma ɗan ƙaramin tauraron Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ya shiga falaki tare da na farko na ƙasar Ghana, dukkansu an ƙera su ne a wani shiri na Cibiyar Fasaha ta Kyushu da ke Japan. Duk wanda ya sa hannu a waɗannan ayyuka, ai sai da ya yi zaman aji a firamare da sakandare, wani malami na gaban allo da alli a hannu. A kan wannan malamin ne masu shirya bitar kimiyyar sararin samaniya suka ɗora fatansu, kuma yana da kyau a duba ko fatan na da tushe.

Tunanin ba sabo ba ne. Da Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko a duniya, ranar 4 ga Oktoba 1957, hankalin Amurka ya tashi. Abin da ta yi bai tsaya ga ƙera roka ba. A 1958 ta yi dokar da ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi, aka kuma riƙa kwasar malaman sakandare ana kai su jami'o'i lokacin dogon hutu suna sake koyon darussan da suke koyarwa. Hujjar mai sauƙi ce. Masanin da ya ziyarci makaranta zai ga yara na yini ɗaya ya tafi. Malami kuwa, ko da aji huɗu kawai yake shiga a shekara, in ya yi shekara talatin yana aiki, dubban yara ne za su bi ta hannunsa, kuma shi ne zai kasance a wurin ranar da yaro ya dawo da tambaya.

A Najeriya akwai masu wannan aiki. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999, tana da cibiyoyi a wurare da dama: ta ilimin taurari a Nsukka, ta nazarin hotunan tauraron ɗan'adam a Jos, ta auna doron ƙasa da motsinta a Toro ta Jihar Bauchi. Tun kafin nan, a watan Nuwamban 1998, an buɗe cibiyar koyar da kimiyyar sararin samaniya ta ƙasashen Afirka masu aiki da Turanci a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, wadda ke da alaƙa da Majalisar Ɗinkin Duniya. Takwararta ta masu Faransanci tana Rabat ta Maroko, kuma Nijar da Kamaru na cikin ƙasashen da ke ƙarƙashinta. Cibiyar Ife, ban da kwasa-kwasan manyan ɗalibai, tana shirya bita ga malamai da 'yan makaranta, tana kuma ƙarfafa kafa ƙungiyoyin sararin samaniya a makarantu. A duniya kuma akwai shirin horar da malamai mai sunan Galileo da aka faro a 2009, shekarar da aka ware don ilimin taurari, da Makon Sararin Samaniya da ake yi daga 4 zuwa 10 ga Oktoba kowace shekara.

To, me ya sa sararin samaniya, ba noma ko lantarki ba? Dalili biyu ake kawowa. Na farko, yara na son labarinsa, wannan kowa ya sani. Na biyu, wanda a ganina ya fi nauyi a wurinmu, shi ne makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, ba ta da wuta, ba ta da ko kwalba ɗaya ta sinadari, tana da rana a saman filinta kowace safiya. Kusurwa, awo, saurin tafiya, haske, zafi, taswira, duk ana iya koyar da su da abin da ke saman kai. Sai dai sharaɗin shi ne malamin ya san yadda ake yi, kuma a nan ne gizo ke saƙa.

Yawancin malamanmu na kimiyya haddace ta suka yi, haddacewar kuma suke bayarwa. Ba laifinsu ba ne su kaɗai, haka aka koya musu. Kuma matsalar ba tamu ce kawai ba. A 1987 wasu masu bincike a Amurka sun tare mutum 23 a wurin bikin yaye ɗaliban Jami'ar Harvard, suka tambaye su abin da ke kawo sauyin yanayin zafi da sanyi. Mutum 21 ba su amsa daidai ba. Amsar da aka fi bayarwa ita ce duniya na matsowa kusa da rana sai a yi zafi, ta yi nisa sai a yi sanyi. Mutumin Kano ko Damagaram na da hujjar rushe wannan a jikinsa: duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, ta fi nisa a farkon Yuli, kimanin miliyan 152. A Janairun nan muke rawar ɗari muna neman bakin murhu. Abin da ke kawo sauyin shi ne karkatar da duniya ta yi, kimanin digiri 23.5, wadda ke sa hasken rana ya sauko a miƙe a wani lokaci, a kaikaice a wani. An rubuta wannan a littattafai, an karanta, an ci jarrabawa da shi, amma tsohon tunanin na nan daram a ƙarƙashi.

Saboda haka mai horarwa da ya san aikinsa ba ya farawa da bayani. Tambaya yake jefawa, ya ce kowa ya rubuta amsarsa a takarda kafin a taɓa komai. Me ya sa wata ke fitowa siriri, ya cika, ya sake ramewa? Da yawa za su rubuta cewa inuwar duniya ce ke rufe shi. Sai a rufe tagogi, a kunna fitila ɗaya a tsakiyar ɗaki ta zama rana, a ba kowane malami lemo a soke a tsinke ya zama wata, kan malamin shi ne duniya. Ya miƙa hannu, ya juya a hankali. Da idonsa zai ga ɓangaren da ke haske yana ƙaruwa yana raguwa, ba tare da inuwar kansa ta taɓa lemon ba. Sai lokacin da ya juya wa fitilar baya sosai, kansa ya tare hasken, sannan inuwa ta faɗa kan lemon, kuma wannan husufi ne, ba ramewar wata ba. Daga nan wata tambayar ke tasowa da kanta: to me ya hana a yi husufi kowane wata? Malamin da ya ɗan ɗaga lemon sama da kansa zai ga amsar, hanyar wata ta ɗan karkace ce da kimanin digiri biyar.

Abin lura shi ne malamin ya ga amsarsa ta farko a rubuce, ya kuma ga ta rushe a hannunsa. Wanda ya ɗanɗani wannan ne zai iya haƙuri da yaron da ya ba da amsa ba daidai ba, maimakon ya daka masa tsawa.

Akwai wani abu da masu kawo shirye-shirye daga waje kan manta. Makaranta da rana take ci. Na'urar hangen nesa kuwa da dare take aiki. A makarantar jeka-ka-dawo, yara sun watse tun azahar. A garuruwa da yawa rashin tsaro ya hana taron dare, iyaye kuma ba za su bar 'ya'yansu mata su koma makaranta bayan isha'i ba, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Ga hazon hunturu da ke rufe sama makonni, ga gajimaren damina. Don haka bitar da aka gina kan na'urar hangen nesa, ta ƙare a kan malamai kaɗan na makarantun kwana. Wadda za ta kai ko'ina ita ce wadda aka gina kan rana da inuwa.

A kafa sanda a miƙe a fili mai lebur, a riƙa sa alama a ƙarshen inuwarta duk bayan minti goma daga hantsi zuwa bayan azahar. Lokacin da inuwar ta fi gajarta shi ne tsakiyar rana ta gaskiya, kuma yara za su yi mamakin ganin ba ƙarfe goma sha biyu ba ce. An ɗora agogon Najeriya ne kan layin digiri 15 na gabas, Kano kuwa tana wajen digiri 8.5. Duniya na juya digiri ɗaya a cikin minti huɗu, don haka rana kan tsaya a Kano wajen sha biyu da rabi, da ɗan gaba ko baya gwargwadon lokacin shekara. Da wannan lissafin ne yaro zai gane dalilin da ya sa mutanen Maiduguri ke shan ruwa kimanin rabin awa kafin na Sakkwato: tsakaninsu akwai kusan digiri takwas. Ɗan Islamiyya kuma ya riga ya karanta a fiƙihu cewa da inuwa ake gane zawali da shigar la'asar. Abin da ya haddace a can ne yake aunawa da tef a nan.

Sandar nan ɗaya za ta iya auna girman duniya. Sama da shekara 2,200 da suka wuce, Eratostenis, mai kula da babban ɗakin karatu na Iskandariyya, ya samu labarin cewa a wata rana ta shekara abubuwa ba su da inuwa da tsakar rana a garin da yanzu ake kira Aswan, alhali a Iskandariyya inuwa na nuna kusurwar kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira, wato kimanin digiri 7.2. Ya ninka nisan garuruwan biyu sau hamsin, ya samu kewayen duniya. Mu kuma Allah ya ba mu irin wannan tsari a gida: Kano da Kalaba kusan layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu, Kano a digiri 12 arewa da layin ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu, Kalaba a kusan digiri 5, nisan da ke tsakaninsu a miƙe kimanin kilomita 780. In malami a Kano da malama a Kalaba suka auna inuwa rana ɗaya da tsakar rana, suka aika wa juna ta WhatsApp, za su samu bambancin kusan digiri bakwai. A raba 360 da bakwai, a ninka da 780, amsar za ta faɗo kusa da kilomita 40,000, kuma haka kewayen duniya yake. Akwai tarko ɗaya da sai wanda ya yi da hannunsa ke saninsa: a wasu ranaku na Afrilu, da ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, rana na tsakanin garuruwan biyu, inuwar Kano ta nufi arewa, ta Kalaba ta nufi kudu. A irin ranakun nan haɗa kusurwoyin ake yi, ba ɗebewa ba. Malamin da ya karanta a littafi kawai, zai samu amsar banza ya rasa dalili a gaban yara, daga ranar kuma ba zai sake gwadawa ba.

Wajen 21 ga Afrilu da 21 ga Agusta, rana kan bi daidai ta saman Kano, inuwar sanda ta ɓace a ƙarƙashinta. Yaron da ke Landan ba zai taɓa ganin wannan a garinsu ba. Haka kuma wajen 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana na daidai saman Ka'aba. Duk wanda ya fuskanci inda rana take a lokacin, alƙibla ya fuskanta, inuwar sanda kuma ta zana masa layin a ƙasa. Yara za su ga cewa alƙiblar Kano ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa da kimanin digiri 22. Ban san wani darasin lissafin kusurwa da zai fi wannan isa gida ba, domin da yamma uba da kansa zai so a nuna masa.

Zanen da ke littattafai kan yaudari ido game da nisa, shi ya sa ake fita fili a auna. In aka ɗauki ƙwallon ƙafa mai faɗin santimita 22 a matsayin duniya, wata zai zama ɗan lemo mai faɗin santimita shida, kuma sai an yi taku har mita shida da rabi kafin a ajiye shi. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kimanin kilomita 400 a sama tana zagaya duniya cikin minti 90, ba za ta wuce milimita bakwai daga fatar ƙwallon ba. Rana kuwa faɗinta zai kai mita 24, kuma tana can nisan fiye da kilomita biyu da rabi, wato bayan gari. A kan wannan ƙwallon ne ake amsa tambayar da yara ba su taɓa yi ba sai an tsokano su: me ya sa farantin dish na gidanmu ba ya motsi, alhali an ce tauraron ɗan'adam gudu yake? Domin a nisan kilomita 35,786 sama da layin ikwaita, tauraro na kammala zagaye ɗaya daidai da juyawar duniya, sai ya zama kamar a tsaye yake. A can NigComSat-1R yake, wanda aka harba daga China a Disambar 2011 don maye gurbin na farko da ya lalace a 2008.

Sai roka, wadda ita ce ta fi jan hankali kuma ita ce aka fi ɓatawa. Gorar lemo ta roba, ruwa kamar kashi ɗaya cikin uku, toshiya, famfon keke. A yi ta buga iska har toshiyar ta fice, ruwa ya feso ƙasa, gora ta tashi sama. Dokar Newton ta uku ke nan a fili, wadda ta ce duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka baya da ƙarfi iri ɗaya. Amma in an tsaya ga tafi da ihu da ɗaukar hoto, wasa aka yi. Darasin na cikin tambayoyin da ke biyo baya: in aka cika ruwan rabi fa? In babu ruwa sam? A wace kusurwa ta fi nisa? A sauya abu ɗaya a bar sauran, a harba sau uku, a auna, a rubuta, a zana jadawali. Yaro ya tsaya a nisan da aka auna da ma'aunin kusurwa a hannu ya lissafa tsayin da ta kai. Nan ne lissafi da fiziks da aikin injiniya ke haɗuwa. Manyan ɗalibai kan wuce zuwa tauraron gwangwani, inda ake cusa na'urorin auna zafi da nauyin iska a gwangwanin lemo a sako shi daga sama, amma wannan na buƙatar kuɗi da kayan da yawancin makarantu ba su da su.

Wanda ke da waya mai intanet kuma yana da wata taska. Taurarin Landsat na Amurka na ɗaukar hoton doron ƙasa tun 1972, kuma tun 2008 kyauta ake samun hotunan. Tafkin Chadi, da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 sannan ya ƙafe ƙwarai a fari na shekarun 1970 da 1980, ana iya jera hotunansa yaro ya gani. Haka yaɗuwar birnin Kano cikin gonaki. Wannan ne ke amsa wa uban da ya ce me ruwan ɗana da sama, shi da zai ci abinci a ƙasa.

Yaranmu ba fanko suke shigowa aji ba. Sun san Kaza da 'ya'yanta, sun san Zara matar wata, sun ji Gamzaki, kuma malamin da ya nuna musu cewa tauraruwa mai hasken yamma da mai hasken asuba abu ɗaya ce, wato duniyar da ake kira Venus, wadda ta fi mu kusa da rana, ya ba su abin tafiya da shi gida. Sun san jiran sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, don haka kwana 29 da rabi na zagayen wata, da kwana 354 na shekarar Hijira, da dalilin da azumi ke matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, ba baƙin zance ba ne. Ko tarihi ma yana gefenmu: Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a lissafi da ilimin falaki. Amma fa a nan ne malami ke buƙatar horo na musamman, domin wani yaro zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, an ce mana ba a taɓa zuwa wata ba," ko ya kawo abin da ya ji a gida game da siffar duniya. Malamin da ya yi ba'a ya rasa yaron, wataƙila har da iyayensa. Wanda ya tsorata ya tsallake darasin shi ma ya rasa shi. Bita mai kyau kan zauna a kan irin waɗannan tambayoyi, malamai su gwada amsawa a tsakaninsu. Kuma Hausa ce ya kamata a gwada da ita, tunda da ita za a yi bayanin a aji ko da manhaja ta ce Turanci.

Duk wannan na da daɗin ji. Me ya sa to ake ta bita amma aji bai sauya ba?

Amsa ta farko ita ce gajartar lokaci. A 2007 an yi wa ma'aikatar ilimi ta Amurka wani nazari da ya tace bincike sama da 1,300 kan horar da malamai. Tara kacal suka cika sharaɗin inganci, dukkansu a kan malaman firamare. A cikinsu, waɗanda horon bai wuce awa 14 ba, ba a ga wani tasiri na a-zo-a-gani a sakamakon yara ba. Tasirin ya bayyana ne a horo mai tsawo da ake bibiya. To, mu mun san irin tamu: kwana biyu a otal, rabin ranar farko ta tafi a jawabin manyan baƙi, a nuna hotuna ta majigi, a raba jaka da satifiket da alawus, a watse. Sau da yawa ma ba malamin da ke shiga aji ake turawa ba, wanda ke kusa da ofis ne.

Ta biyu ita ce tsarin da ake horar da mutum kaɗan su je su horar da wasu, su ma su horar da wasu. Yana da arha, shi ya sa gwamnatoci ke sonsa. Amma kamar kunun da ake ƙara wa ruwa a kowane gida ne, kafin ya kai ƙarshen layi ya tsinke. Abin da ke fara zubewa a hanya shi ne aikin hannun, a bar bayanin baki. Shirin SMASE na horar da malaman lissafi da kimiyya, wanda Najeriya ta fara a 2006 da tallafin hukumar JICA ta Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato, kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta riƙe horonsa daga baya, ya yi ƙoƙarin magance wannan ta hanyar nanata aiki da gwaji da ƙirƙiro kayan koyarwa daga abin da ke kusa, da kuma haɗa malamai su tsara darasi, su koyar, su duba, su gyara. Nijar ma ta yi irinsa ga malaman sakandare. Masu bitar sararin samaniya da sun shiga ta wannan ƙofa da ke buɗe da ya fi musu, maimakon kowa ya kafa tasa rumfar.

Ta uku ita ce manhaja da jarrabawa. Malami na da jadawalin da mai duba makarantu zai tambaya, ga WAEC da NECO na jira. Duk abin da ya zo masa a matsayin ƙari, zai ajiye shi gefe, kuma yana da gaskiya. Dole a nuna masa cewa sandar inuwa ita ce darasin kusurwa na mako kaza, roka ita ce darasin motsi na aji kaza. Sannan a gwada aikin da yara tamanin ko ɗari, ba da malamai ashirin masu natsuwa ba. Shugaban makaranta ma in ba a sa shi a ciki ba, zai ga malamin da ya fitar da yara fili a matsayin mai ɓata lokaci, kayan da aka bayar kuma su ƙare a kulle a sito don tsoron kar su lalace a tambaye shi.

Akwai kuma tambayar da ta fi duka wuya: sha'awa na kai yaro ga zama injiniya? Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2006 ya bi sawun ɗaliban Amurka, ya gano cewa waɗanda tun suna 'yan shekara goma sha uku zuwa sha huɗu suka ce aikin kimiyya suke so, sun fi sauran yiwuwar kammala digiri a fannin. Wannan na goyon bayan a fara da wuri. Amma wani dogon bincike a Ingila kan yara 'yan shekara 10 zuwa 14 ya nuna cewa yawancinsu na jin daɗin darasin kimiyya, kaɗan ne kuma ke ganin kansu a matsayin masana kimiyya. Abin da ya fi raba su shi ne ko akwai mai irin wannan aiki a gida ko a cikin waɗanda suka sani. Wato burgewa daban, ganin hanya daban. Yarinyar da roka ta burge a Gumel na buƙatar ta ga malama mace na harba ta, ta ji cewa akwai ma'aikata a Toro da Jos da wannan ne abincinsu, sannan ta samu mai koya mata lissafi da kyau har aji shida. In lissafin ya rushe, sha'awar ba za ta tsallake JAMB ba. Kano ta taɓa gwada riƙe hanyar tun daga tushe, da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, daga baya ta 'yan mata a Taura, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can shaida ne cewa abin da aka daɗe ana yi shi ke haihuwa.

Don haka in za a auna bita, ba a ranar rufewa ake aunawa ba, lokacin da kowa ke cike takarda yana cewa ya ji daɗi. A koma bayan zango ɗaya a shiga aji ba sanarwa, a buɗe littattafan yara a ga ko akwai awon da suka yi da kansu, a tambaye su abin da ke sa wata ramewa.

Akwai kuma ranakun da sama da kanta ta sa wa masu horarwa. A 29 ga Maris 2006 an yi cikakken husufin rana da ya bi ta Gusau da Katsina ya shiga Nijar. Lissafi ya nuna na 2 ga Agusta 2027 zai rufe rana ɗungum a arewacin Afirka har Makka, mu kuma mu ga wani ɓangare, sannan na 20 ga Maris 2034 zai ratsa Najeriya daga Legas ya wuce Kamaru da Chadi da Sudan. A irin ranar yara za su ɗaga kai ko an hana su, kuma kallon rana kai tsaye na ƙona ido, ko ta baƙin tabarau, ko gilashin da aka shafa wa hayaƙi, ko ta cikin ruwan kwano. Hanyar da ba ta da haɗari ita ce a huda kwali da allura, a juya wa rana baya, a bar hasken ya faɗa kan farar takarda. In tazarar kwalin da takardar mita ɗaya ce, hoton ranar zai kai kimanin milimita tara, kuma daga wannan awon, da sanin nisanta, ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai iya lissafa faɗin rana, kusan kilomita miliyan 1.4.